Ƙato Ba Baki: Abin da Rayuwar Ken Norton ke Faɗa wa Ƴan Kokowar Adar

A shekarar 1975 aka yi wasu abubuwa biyu da babu wanda ya kawo alaƙa tsakaninsu a lokacin. A birnin Tawa, gwamnatin Seyni Kunce ta tara ƴan kokowar jahohin Nijar a gasar ƙasa ta farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya fito zakara. A Amurka kuma kamfanin Paramount ya saki fim mai suna Mandingo, inda Ken Norton, ɗaya daga cikin manyan ƴan damben ajin masu nauyi na zamanin, ya fito a matsayin bawa da ake turawa faɗa ana caca a kansa. A wuraren biyu jama'a sun taru ne don kallon ƙarfin baƙin mutum. Sai dai ɗan kokowar da ya shiga fili a Tawa ya shiga da makaɗansa a baya, ya ɗaga hannu sama, ya ambaci garinsu da iyayen gidansa da mazajen da ya kayar, jama'a suna amsa masa. Norton kuwa jikinsa kaɗai aka nema. Ra'ayina shi ne, duk lokacin da mai ƙarfi ya bar fili ya koma gaban kyamara, ribarsa ko asararsa ta rataya ne a kan abu guda: shin an bar shi da bakinsa, kuma wa ke riƙe da labarin? Maganar ta shafi Adar, wato yankin Tawa, kai tsaye, domin ƙasa ce da ke haifar ƙarfafa, kuma kyamara ta riga ta shigo aljihun kowa.

An haifi Norton a 1943 a garin Jacksonville na jahar Illinois. Bai tashi da dambe ba, sai da ya shiga aikin soja ya fara sa safar hannu, ya shiga damben kuɗi a 1967. Ya daɗe a sahun waɗanda ake ɗauka su yi atisaye da manya, har da Joe Frazier, a ƙarƙashin mai horarwa Eddie Futch. Ranar 31 ga Maris 1973 aka haɗa shi da Muhammad Ali a San Diego, a wasan da yawancin mutane suka ɗauka share fage ne kawai ga Ali. Norton ya karya masa muƙamuƙi, ya ci wasan da maki bayan turmi 12, ya zama mutum na biyu da ya taɓa yin galaba a kan Ali a damben kuɗi. Sun sake haɗuwa a watan Satumba na shekarar, Ali ya sha da ƙyar. George Foreman ya tsayar da shi a turmi na biyu a Karakas a 1974. Karo na uku da Ali, a filin Yankee na New York a 1976, alƙalai suka ba Ali, kuma har yau masana dambe da dama suna ganin Norton aka zalunta. A 1978 hukumar WBC ta miƙa masa kambun duniya ba tare da ya karɓe shi a fili ba, bayan Leon Spinks ya zaɓi sake karawa da Ali maimakon shi. Watanni kaɗan bayan haka Larry Holmes ya karɓe kambun bayan turmi 15 da ake lissafawa cikin mafiya zafi a tarihin ajin. Ya aje safar hannu a 1981, bayan Gerry Cooney ya gama da shi kafin a cika minti ɗaya. Nasara 42, faɗuwa 7, kunnen doki 1.

Wanda ya duba waɗannan wasanni zai ga abin da ya kai Norton inda ya kai dabara ce kafin ƙarfi. Yana da wani salon tsaro na giciye hannuwa a gaban fuska wanda ya hana Ali sakat har turmi 39, kuma ya fahimci cewa maganin naushin hagun Ali shi ne a riƙa mayar masa da irinsa a daidai lokacin da ya saki nasa. Mutum ne mai karanta abokin karawa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da Mandingo ya buƙata. An ɗauko labarin daga littafin Kyle Onstott na 1957, Dino De Laurentiis ya zuba kuɗi, Richard Fleischer ya ba da umarni. Norton ya fito da sunan Mede, bawa da ɗan wani mai gandu ya sayo a kasuwar bayi ta New Orleans. Tun daga fitowarsa ta farko ana juya shi ana lalube shi kamar ragon layya a hannun dillalai. Ana tsoma shi cikin ruwan gishiri mai zafi don fatarsa ta yi tauri, ana tura shi ya yi faɗan mutuwa da wani bawa ɗan'uwansa, uwargidan ta tilasta masa abin da zai jawo masa halaka, daga ƙarshe maigidan ya kashe shi a cikin tukunyar tafasasshen ruwa. Maganarsa a fim ɗin ƴar kaɗan ce. Fim ɗin ya kawo kuɗi, don haka a 1976 aka sake kiransa ya fito a Drum, nan ma a matsayin bawa mai faɗa.

Da Norton kaɗai abin ya faru gare shi, sai a ce rashin sa'a ce ko wariyar launin fata zalla. Launin fata yana ciki, babu shakka, amma tsarin ya girme shi kuma ya haɗa da farare. Primo Carnera na Italiya ya riƙe kambun duniya daga 1933 zuwa 1934; masu juya shi suka cinye dukiyarsa, ya koma kokowar nishaɗi da fim, inda a Mighty Joe Young na 1949 aka sa shi cikin ƙattan da ke jan igiya da gwaggon biri. A 1956 aka yi fim ɗin The Harder They Fall, labarin wani ƙaton ɗan dambe da ƴan damfara suka tatse, wanda kowa ya gane rayuwar Carnera ce. Ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba. Wato an sayar da jikinsa a fim ɗin wasu, an sayar da labarinsa a fim ɗin wasu, shi bai mallaki ko guda ba. Buddy Baer, wanda ya kara da Joe Louis sau biyu, an fi tuna shi da kokowa da bijimi a Quo Vadis na 1951. Jack O'Halloran, wanda ya kara da Foreman da shi kansa Norton, ya fito a Superman na 1978 a matsayin mugun ƙato bebe. Ko a wannan zamani, Francis Ngannou na Kamaru, wanda ya haƙi yashi yana yaro, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko kafin ya isa Turai, ya kai ga kayar da Tyson Fury ƙasa a Riyad a 2023, abin da Hollywood ta ba shi a fim ɗin F9 na 2021 shi ne ƴar gajeriyar fitowa ta ɗan duka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai zuba kuɗi a fim yana sayen abu biyu daga ɗan dambe: sunan da zai cika silima, da ƙirar jikin da ba a samu a makarantar koyon wasa. Duka biyun a shirye suke tun ranar farko, ba sai an kashe ko sisi a kansu ba. Koya wa mutum riƙe doguwar magana da nuna abin da ke zuciyarsa a fuska kuwa yana cin watanni, kuma sunan ɗan dambe yana dusashewa da sauri, shi ya sa ake gaggauta cin kasuwarsa tun da zafinta. Shi ma ɗan damben a matse yake, domin ya san shekarun cinsa ƙidayayyu ne. Idan bukatun biyu suka haɗu, abin da ke fitowa shi ne matsayin da ba ya neman komai daga mutum sai ya tuɓe riga.

Za a ce, to mene ne laifi? Norton baligi ne, ya karanta yarjejeniya, an biya shi, kuma naushin fim ba ya fasa ƙwaƙwalwa kamar na Foreman. Wannan magana tana da nauyi, kuma wanda bai san yunwa ba ne kaɗai zai raina ta. Ba na zargin Norton da karɓar aikin. Abin dubawa shi ne me ya rage a hannunsa bayan an biya. Aikin da ke koya wa mutum sana'a yana ƙara masa daraja kowace shekara. Aikin da ke hayar jikinsa yana raguwa tare da jikin. Bayan Drum, Norton ya ci gaba da fitowa nan da can a fina-finai da shirye-shiryen talabijin, amma bai sake samun babban matsayi irin na farko ba, kuma mummunan haɗarin motar da ya yi a 1986, wanda ya taɓa masa tafiya da magana, ya ƙara rufe ƙofar. Ya rasu a 2013. Wasu masu nazarin fim kuma suna kare Mandingo da cewa ya fallasa ƙazantar bauta fiye da fina-finan da suka yi mata kwalliya. Akwai gaskiya a nan ma. Amma mutanen jahar Tawa ba sa buƙatar a yi musu bayanin bauta daga nesa: daga yankin Ƙonni Hadijatu Mani ta fito, wadda kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba gaskiya a shari'ar bautar da ita a 2008. Abin da ya girgiza mutane a shari'arta shi ne ita da kanta ta tsaya ta faɗi abin da aka yi mata. Fim ɗin da ya nuna azabar bawa dalla-dalla amma ya bar tunanin iyayen gidansa a tsakiyar labari, ya tsaya a rabin hanya.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi kaifi: wai ƴan dambe da ƴan kokowa ba su iya wasan kwaikwayo ba, shi ya sa ake rage musu magana. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Lino Ventura ɗan kokowa ne a Faransa har rauni a ƙafa ya raba shi da fili. Jacques Becker ya sa shi kusa da Jean Gabin a fim a 1954, ya ba shi matsayin mutum mai magana da lissafi, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan Faransa har mutuwarsa a 1987. Ali ya fito a matsayin kansa a The Greatest a 1977, kuma babu furodusan da ya isa ya mai da shi bebe, domin bakinsa ya riga ya zama rabin abin da jama'a ke biya su gani. A Senegal, Cheikh Ndiaye ya ɗauki ɗan kokowa Muhammad Ndao, wanda ake kira Tyson, ya sa shi a fim ɗin da aka gina kan littafin Aminata Sow Fall game da filin kokowa, ya fito a matsayin gwarzon da yaro ke koyi da shi. A ƙasar Hausa kuwa hujjar ta fi rauni. Ɗan kokowar da ya iya tsayawa gaban dubban mutane ya jera kirari ba gargada, ya san inda zai ja numfashi don kiɗa ya shigo, ya san takun da zai yi filin ya ɗauki sowa, ya iya ɓoye tsoro ya nuna izza, wannan ya riga ya yi rabin karatun ɗan wasa. Haka ɗan damben gargajiya. Wanda ya san abin da ke tsakanin ɗan dambe Shago da mawaƙi Ɗan Anace ya san cewa a wurinmu faɗa da magana ba su taɓa rabuwa ba.

Adar tana da mazajen, tun daga Kadade na shekarun farko har zuwa Haruna Abdu da Yahaya Kaka, waɗanda suka kawo sarautar kokowa jahar Tawa. Amma mutum guda ne ke ɗaukar takobin gasar ƙasa cikin 80 da jahohi takwas ke turowa, kuma a bayan goman da ke wakiltar jaha akwai ɗaruruwa da ke kokowar bayan girbi a ƙauyukan Keita da Tamaske da Kalfu da Barmu, waɗanda gwiwa ko kafaɗa za ta sauke su tun ba su kai arba'in ba. Abin da ke jiran mafi yawansu shi ne abin da ke jiran sauran samarin Adar: gonar tudu mai duwatsu, da ci-rani zuwa Abijan ko Legas ko Libiya. Fitar maza ta kai inda, da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Saurayin da ya saba jin ana kiran sunansa a lasifika, ya wayi gari yana dako a tashar jirgin ruwa inda ba wanda ya san shi, wannan labari ne da ya fi ƙarfin abin da marubutan Mandingo suka ƙago, kuma yana nan a kowace unguwa.

An ma taɓa ɗaukar irinsa. A ƙarshen shekarun 1950 Jean Rouch ya haɗu da Umaru Ganda a unguwar Treichville ta Abijan, ɗan Nijar, tsohon sojan yaƙin Indocin, yana aikin ƙarfi na yini. A fim ɗin Moi, un noir na 1958 Ganda ya fito a matsayin lebura mai mafarkin zama zakaran damben duniya, har aka nuna shi a fili yana cin wasan da bai taɓa faruwa ba sai a zuciyarsa. Abin da ya raba wannan da Mandingo shi ne bayan an gama ɗauka, Ganda ne ya zauna ya ɗora muryarsa a kan hotunan, yana faɗin gajiyarsa da fushinsa da kalmominsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda aka bari ya yi magana sau ɗaya ba ya yarda ya koma shiru. Ganda ya dawo gida ya riƙe kyamara da kansa, ya yi Cabascabo a kan tsohon soja irinsa, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Bature ne ya fara ɗaukarsa, kamar Norton. Bambancin yana ga abin da aka bar masa a hannu.

Shi kuwa birnin Tawa yana da nasa gadon da bai kamata a manta ba. Mustafa Alasan, wanda ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966 kuma ake ɗauka cikin iyayen fim ɗin zane a Afirka, a Tawa ya zauna shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 2015, ya mai da wani sashe na otal ɗinsa ɗakin aiki. Cikin ayyukansa akwai Kokoa, gasar kokowa da ya shirya da ƴan tsana na kwaɗi da wasu dabbobi, da makaɗa da ƴan kallo da mai sharhi. Mutumin da ya zauna cikin Adarawa ya gane cewa abin ɗauka a kokowa shi ne taron gaba ɗaya, da kiɗan, da jiran, da dabarar ƙaramin da ke kayar da babba. Idan ƴan tsana sun ɗauki wannan, mazajen da suka yi abin da jikinsu za su fi ɗauka.

Saura hujjar da ta fi kowace tsayawa a rai: Tawa ba ta da masana'antar fim, gidajen silima sun mutu, kuɗi babu, tsaro ya taɓarɓare a arewacin jahar. Duk gaskiya ne. Amma fina-finan da suka fitar da sunan Nijar a ƴan shekarun nan ba da manyan kuɗi aka yi su ba. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jahar Tawa, ya fito a fim da harshen Tamashek a 2015 wanda aka ɗauka a Agadas da ƙaramin jari, ya taka rawar da ta yi kusa da rayuwarsa, fim ɗin ya zaga duniya. Aisha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta ɗauki samari masu ɗaga ƙarfe waɗanda gari ke tsoro, ta fito da Zinder a 2021. Ƙirar jikinsu tana nan a hoton, amma abin da mai kallo ke tafiya da shi shi ne maganarsu a kan rashin aiki da kurkuku da ƴaƴansu. Ƴar garin ce, shi ya sa suka buɗe mata baki. Haɗarin da nake hangowa ma ba daga rashin masana'anta zai zo ba. Zai zo ne ranar da mai shirya fim daga Kano ko Yamai, ko mai neman mabiya a TikTok, ya lura cewa sunan sarkin kokowa yana jan jama'a, ya kira shi ya ba shi matsayin ɗan daba ko mai gadin alhaji, ya tsaya a bayan jarumi da hannu a ƙirji. Bahaushe zai iya yi wa ɗan'uwansa abin da De Laurentiis ya yi wa Norton, da harshen Hausa, a kan kuɗin da bai kai na taki buhu biyu ba.

Akwai dattawan da za su ce fim ɗin ma gaba ɗaya zubar da girma ne ga wanda ya riƙe takobi, gara ya koma gona da mutuncinsa. Ina girmama wannan damuwa, domin tushenta ɗaya da tawa. Sai dai ƙin kyamara ba ya hana a ɗauke ka. Kowace gasa ana ɗaukar ƴan kokowa da ɗaruruwan wayoyi, ana yaɗa faɗuwarsu, ba a tambaye su ba, ba a biya su ba. Zaɓin da ya rage shi ne tsakanin hoton da mutum yake da ta cewa a kansa da wanda ba shi da ita. Hukumar kokowa ta jaha tana iya sa wanda ya san doka ya duba duk takardar da za a miƙa wa ɗan kokowa, a karanta masa ita da Hausa, a faɗa masa matsayin da zai taka da abin da zai samu idan an sake sayar da fim ɗin. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da gidajen rediyon garin suna iya zama da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu su naɗi labarinsu da muryarsu, domin daga irin wannan naɗi ne marubuci zai sami abin ginawa. Shi kuma ɗan kokowar da aka zo nema, kafin ya tambayi nawa za a ba shi, yana da haƙƙin ya ce a karanta masa maganganun da aka rubuta zai faɗa, ya ji ko akwai su, ya ji kuma ko irin waɗanda zai yarda ƴaƴansa su ji daga bakinsa ne.